Ɗan Koyon da Ba Shi da Maigida

A zangunanmu na Gana kowace sana'a tana da ƙofar shiga. Yaron da ke son ɗinki, mahaifinsa zai sayi goro ya kai shi wurin tela, a yi magana tsakanin manya, a faɗi abin da za a biya da shekarun da zai yi. Zai fara da shara da guga da ɗinka maɓalli, bayan shekara uku ko huɗu a yi masa bikin yaye, dangi su haɗa kuɗi su saya masa keke. Mai son gyaran mota an san inda za a nufa da shi, Magazin na Suwame in a Kumasi yake, Kokompe in a Ankara yake. Mai son karatu ga malamai nan unguwa-unguwa, kowanne an san littafin da ya fi ƙwarewa a kansa. Amma yau in yaro ya tashi a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango ya ce shi aikin jarida yake so, mahaifinsa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, bai san wa zai kai wa goron ba. Iyaka ya ce masa Allah ya taimaka, ko kuwa ya ce ya nemi abin yi na gaske.

Ga shi kuwa yaran nan suna da yawa. Muna ganinsu ranar hawan Salla da wurin Maulidi da wurin naɗin sarauta, kowa riƙe da waya da ɗan makirufo, suna ɗauka suna sakawa a Facebook da TikTok da YouTube. Wasunsu sun yi makarantar koyon aikin jarida sun fito da takarda, wasu ko sakandare ba su ƙare ba, sha'awa ce kawai da ƙarfin hali. Mu kuma al'umma ce mai ƙishirwar labari. Kakanninmu sun manne wa rediyo tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Har gobe ba a rasa dattijo a ƙofar masallaci bayan Asuba da rediyo a kunne, kuma babu dandalin ataya da ba a warware siyasar duniya a cikinsa kafin a sauke buta ta uku. Mun iya cin labari ƙwarai. Girka shi ne muka bar wa wasu, kuma waɗanda suka tashi daga cikinmu suna son su koyi girkin mun bar su su kaɗai a gaban murhu.

Da can akwai ƙofa, ko da yake ƙarama ce. Tun da aka kafa tashar ZOY a Ankara a 1935, wadda ta rikiɗe ta zama gidan rediyon ƙasa na GBC, gwamnati ce maigidan mai son wannan aiki. Hausa na cikin harsuna shida na gida da gidan ke watsa shirye-shirye da su, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. A 1959 Kwame Nkrumah ya buɗe makarantar koyon aikin jarida, wadda yanzu aka haɗe ta da ta koyon fim da ta harsuna aka yi jami'a guda. A 1961 kuma ya buɗe sashen watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, Hausa na cikin harsunansa. Wanda ya samu shiga wannan gida ya samu albashi da fansho, ya kuma samu abin da ya fi su: wani babba a kansa wanda zai karɓi takardar fassararsa ya ja layi a kan kuskure, ya sa shi ya sake karantawa sau biyar kafin a kunna masa jar fitila. Ba a faɗin abin da gwamnati ba ta so, wannan gaskiya ne, kuma ba ma kewar wancan takunkumi. Amma an koyi aiki.

Tsarin mulkin 1992 ya buɗe fili. A ƙarshen 1994 Radio Eye ta fara watsa shiri ba tare da izini ba, jami'an tsaro suka rufe ta kafin ta cika wata guda, amma ruwa ya riga ya ɓalle. A 1995 Joy FM ta hau iska, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa har suka kai ɗaruruwa. A 2001 majalisa ta soke dokar da ke ɗaure mutum a kurkuku saboda ɓata suna. Mu ma mun samu rabonmu: Marhaba FM a Ankara, Zuria FM a Kumasi, da sa'o'in Hausa a tashoshi da dama daga Ashaiman har Tamale da Bawku. Duk wanda ya tuna zamanin da sai a jira ɗan lokacin da GBC ta ware mana ya san wannan ni'ima ce.

Sai dai tashoshi sun yawaita, kuɗin talla bai yawaita tare da su ba. Abin da ya rage ma yanzu Facebook da Google suna kwashe kaso mai tsoka. Shekarun ɗauke wuta na dumso sun cinye tashoshi da kuɗin man janareta. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, kamfanoni suka fara yanke kashe-kashe, kuma talla ce farkon abin da ake yankewa. Ga kuma batun lasisi: a 2017 hukumar sadarwa ta ƙasa ta hukunta tashoshi 131, a watan Mayun 2019 ta rufe Radio Gold da Radio XYZ, a watan Yunin 2025 ta ba da umarnin rufe fiye da 60 kafin shugaban ƙasa ya sa baki a ƙara musu wa'adi. Ma'aikaci kan kwana da aiki ya tashi babu. Tashar da masu sauraronta 'yan kasuwar tebur ne da direbobi da masu sayar da waake da koko, ita ce ta fi kowa jin wannan a jika, don manyan kamfanoni ba sa rububin tallata hajarsu a cikinta.

To ga abin da yaronmu ke tararwa idan ya samu shiga. Za a karɓe shi a matsayin mai sanin makamar aiki, babu ko sisi. In ɗan jami'a ne zai yi shekarar bautar ƙasa a kan ɗan alawus da ba ya isar kuɗin mota, in shekarar ta ƙare a ce masa ya ci gaba da zuwa yana taimakawa, in hali ya samu za a duba. A wurare da yawa hali ba ya samuwa. In yana son shiri nasa na kansa, sai a ce ya nemo mai ɗaukar nauyi, a raba kuɗin da shi. Sai ka ga mai burin zama ɗan jarida ya koma dillalin mai maganin gargajiya ko na mai shirya tafiya ƙasar waje, yana karanta wa jama'a alkawuran da shi kansa bai tabbatar ba. Editan da ya kamata ya duba aikinsa shi ma yana can yana neman na cefane, ko kuma babu editan gaba ɗaya.

A nan ne soli ke shigowa. Kowa a ƙasar nan ya san kalmar: ambulan da mai taro ke miƙa wa 'yan jarida bayan an tashi, da sunan kuɗin mota. Ba ma zagin yaron da ya karɓa, don wanda ya taho daga Madina zuwa tsakiyar gari da cikinsa babu komai ba za a yi masa wa'azin ƙin karɓar sidi hamsin ba. Abin da ke damunmu shi ne darasin da ambulan ke koyarwa, don shi ne malami na farko da yawancinsu ke samu. Yana koya wa yaro cewa labari shi ne wurin da aka gayyace ka, ba a zuwa inda babu mai biya. Yana koya masa kada ya yi tambayar da za ta ɓata wa mai taro rai, don gobe ba za a kira shi ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Cikin shekara biyu yaro mai kaifin basira ya zama mai ɗaukar jawabin manya yana maimaitawa, kuma yana tsammanin aikin ke nan, tunda babu wanda ya taɓa nuna masa wani.

Da yawa daga cikinsu idonsu na kan kafofin waje, kowa na mafarkin ranar da za a ji muryarsa daga Landan ko Bon. Mafarki ne mai kyau, amma kujerun wakilci a ƙasa kamar tamu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma su ma waɗancan gidaje ƙasa na girgiza a ƙarƙashinsu. A 2022 BBC ta sanar da rage ma'aikata 382 a sashenta na duniya, a Janairun 2023 ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85. A watan Maris na 2025 umarni ɗaya daga fadar shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa da wakilansa. A Nijar gwamnatin soja ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Wanda ya jingina makomar labarinsa da kasafin kuɗin wata ƙasa, rana ɗaya zai kunna rediyo ya ji shuuu.

Wani zai ce to mene ne na damuwa, ai sana'o'i da yawa sun mutu duniya ba ta tashi ba. Mu tuna watan Yulin 2018. 'Yan sanda sun harbe matasa bakwai 'yan Asawase a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Haka labarin ya fara fita, kuma ga mai karatu a wata unguwa babu abin mamaki a ciki, tunda an saba jin sunan zango tare da fashi da daba da tiramol. Mutanen Asawase ne suka ƙi yarda, suka ce mun san yaran nan, mun san sana'arsu da iyayensu. Sai da aka yi bore, aka kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, gwamnati ta biya iyalai diyya. A Ejura kuma, a ƙarshen watan Yunin 2021, bayan rasuwar Ibrahim Kaaka, wanda aka sani da ɗaukar bidiyon matsalolin garinsa yana sakawa a intanet, matasa sun fito, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu. Hotunan da 'yan jaridar talabijin suka ɗauka a wurin ne suka hana a juya maganar yadda aka so. A duka biyun, abin da ya tsaya tsakaninmu da ƙazafi shi ne wanda ya san unguwa, ya san harshe, ya kuma san yadda ake kafa hujjar da ba za a iya turewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya nuna wurin da yatsa kafin a yarda da shi. Al'ummar da ta ga abin da ya faru a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa, aka watse zangunan da aka haifi mutane a cikinsu, bai kamata a tuna mata amfanin samun mai faɗin labarinta da bakinta ba.

Iyaye suna da tsoro, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Ranar 16 ga Janairun 2019 wasu a kan babur suka harbe Ahmed Hussein-Suale a Madina, kusa da gidansu. Yana cikin masu binciken da suka yi aiki da Anas Aremeyaw Anas a kan cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa, kuma kafin kisan an nuna hotonsa a talabijin. Shekara shida suka wuce ba a hukunta kowa ba. Ƙasar da ke matsayi na 23 a duniya wajen 'yancin jarida a 2018 ta gangaro zuwa na 60 a 2022. Uwar da ta ce ba ta son ɗanta ya shiga wannan aiki tana da hujja, kuma Ahmed ba shi kaɗai yake aiki ba, yana da ƙungiya a bayansa, duk da haka aka kai gare shi. Ba za mu yi wa kowa alkawarin cewa maigida garkuwa ne daga harsashi ba. Abin da muke cewa shi ne hani bai hana komai ba. Yaran sun riga sun shiga, da wayar da ke aljihunsu, ba tare da sanin cewa sashe na 208 na dokar manyan laifuka da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 suna nan daram, kuma da su ake kama mutane kan yaɗa labarin ƙarya. Yaron da ya ji jita-jita a dandali ya kunna waya ya ambaci sunan mutum ya kira shi ɓarawo, yana iya kwana a ofishin 'yan sanda, yana iya tayar da faɗa tsakanin unguwa biyu, yana iya kashe auren wata. Da akwai babba da zai kira kafin ya danna, da rabin wannan bai faru ba.

Abin takaicin shi ne mu ne muka fi kowa sanin maganin wannan ciwo. Zangunan nan a kan maigida aka gina su. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato ba su san kowa a Salga ba, maigida ne ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni a kasuwa, in rigima ta taso ya je gaban sarki a madadinsa. Sunan maigida ne jarin baƙo. A fagen alƙalami ma muna da abin koyi. Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salga, ya koma Kete-Karachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934, ya rubuta abin da idonsa ya gani na zamaninsa: rushewar Salga, zuwan Nasara, annobar mura ta 1918, halin talauci da wadata. Tun yana matashi ya tsara littafi na koyar da yadda ake rubuta wasiƙa, wato bai tsaya ga iya rubutu shi kaɗai ba, ya damu da yadda na baya za su iya. Almajiransa sun bazu a garuruwan ƙasar nan sun zama limamai da malamai. Ba mu ce ɗan jarida ne irin na yau ba, amma ya ajiye labarin zamaninsa, ya kuma bar waɗanda suka iya riƙe alƙalami a bayansa. Mu da muka gaje shi muna da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi shekara talatin suna fassara labarai da karanta su, sun yi ritaya suna zaune a gida, babu mai zuwa wurinsu sai in za a ɗaura aure ana neman mai jawabi.

Renon da muke nufi ya wuce taron bita na yini ɗaya a otal, inda babban baƙo zai zo a makare ya yi nasiha a kan gaskiya da riƙon amana, a raba takardar shaida da abinci a leda, a ɗauki hoto a watse. An yi irinsa da yawa. Muna nufin dattijo ya ɗauki yara biyu ko uku, ba fiye ba, na tsawon shekara, su kawo masa abin da suka rubuta kowane mako ya zauna da jan biro. Ya tambaye su: wa ya gaya maka? Shi a ina ya ji? Ka kira wanda ake zargi ka ji ta bakinsa? Wannan adadi daga wace takarda ya fito? Ya kai su kotu su zauna su ga yadda ake shari'a, su san bambancin wanda ake tuhuma da wanda aka yanke wa hukunci. Ya kai su zaman majalisar ƙaramar hukuma, ta Ayawaso ta Gabas ko ta Asokore Mampong, su ga inda ake raba kuɗin kwata da makaranta da kasuwa. Ya nuna musu cewa tun 2019 akwai dokar neman bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati takarda ya nemi bayani, kuma jami'in yana da kwana 14 ya ba da amsa.

Sai kuma harshe, wanda shi ne ciwon da ya keɓanta da mu. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin rubuta su da koyar da su a makarantu. Ɗan Asante yana koyon rubuta Twi a aji, ɗan Dagomba yana koyon Dagbani, ɗan zango kuwa yana magana da Hausa tun daga goyo amma babu wanda ya taɓa nuna masa bambancin ƙ da k a takarda. Ajamin da kakanni suka yi amfani da shi ya ja baya, bokon Hausa bai zo ya maye gurbinsa ba. Shi ya sa mai gabatar da shiri zai riƙe takardar Turanci yana juyawa da ka nan take, in ya ci karo da kalmar kasafin kuɗi ko ta shari'a ya bar ta yadda take ya wuce, tsohuwar da ke saurare a Sawaba ta tashi ba ta fahimci komai ba. Ba muna cewa a watsar da Hausarmu ta Gana a ari bakin Kano ba ne. Mai sauraro ya fi amincewa da muryar da ta yi kama da ta gidansu. Amma wanda ya iya rubuta daidaitacciyar Hausa kasuwarsa ta kai Yamai da Kaduna da Garwa, kuma wannan abu ne da tsohon mai fassara zai koyar cikin 'yan watanni.

Dattawan ma akwai magana a kansu. Wasu sun ɗauki ɗan koyo a matsayin mai riƙe jaka da sayo katin waya, shekara da shekaru ba a ba shi makirufo ba, don tsoron kada ya fi su farin jini. Wasu kuma, abin kunya, yarinya ba ta tsira daga gare su ba sai ta bar aikin. Wannan na cikin dalilan da suka sa iyaye ke hana 'ya'ya mata, alhali rabin labarin zango yana cikin gida inda namiji ba ya shiga: haihuwa da asibiti, zawarci, 'yan kayaye da ke kwana a bakin shaguna, yarinyar da aka cire daga aji aka aurar. In za a yi wannan tsari, a yi shi a fili kamar yadda ake yi wa ɗan koyon ɗinki, da sanin iyaye, da wa'adi, da ranar yaye, kuma 'yan mata a haɗa su da matan da suka riga su a aikin, magajiyoyin unguwa su zama shaidu.

Kuɗi fa? Nan ne wurin da za a iya ɓata komai. Hanya mafi sauƙi ita ce a je wurin Alhaji wane ko ɗan majalisa wane ya sayi kyamara ya biya haya. Zai yi, da murna ma, musamman in zaɓe ya matso, tunda manyan jam'iyyun nan biyu kowacce tana da reshe na musamman don farautar ƙuri'ar zango. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muna da maroƙa da sanƙirori, sana'arsu ce, an san su da ita, ba sa ɓoye wanda ya ba su. Ɗan jaridar da mutum ɗaya ke ciyarwa maroƙi ne da ya ɓoye kalangunsa a cikin riga, kuma ya fi na fili haɗari don jama'a na ɗaukar kirarinsa a matsayin labari. Asusun raya zango da aka kafa da doka a 2017 yana iya biya wa yaro kuɗin makaranta, wannan haƙƙinmu ne, amma kuɗin gwamnati ba zai riƙe wanda aikinsa shi ne tambayar gwamnati ba.

Abin da ya dace da mu shi ne abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi: adashi. Mutum ɗari uku kowa sidi goma a wata ta MoMo ya fi mutum ɗaya mai dubu uku, don babu ɗaya daga cikin ɗari ukun da zai iya ɗaga waya ya ce a janye labari. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da Hambug da Jidda, waɗanda ke aiko da kuɗin gina masallaci da na jana'iza, su ne ma suka fi kowa bin shafukan nan don jin labarin gida, sai a sa musu iyakar abin da mutum ɗaya zai bayar. Kuɗin ya tafi ga abin da ke sa yaro miƙa hannu ga ambulan: kuɗin mota, data, na'urar ɗaukar murya, ɗan abin shan ruwa ga dattijon da ke ba da lokacinsa, da wani kaso a ajiye don lauya. A riƙa bayyana lissafi duk wata uku a inda kowa zai gani. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Mutanen Ada suna da rediyonsu na al'umma tun 1998, da harshensu na Dangme, 'yan sa-kai da aka horar a cikin gida ne ke tafiyar da shi. Da ya matsa a kan batun gishirin tafkin Songor, wasu ƙarti suka kutsa cikin tashar a Janairun 2022 suka farfasa kaya, amma ta dawo kan iska, don masu ita suna da yawa.

Akwai kuma ƙofofin da suke buɗe ba mu shiga. Gidauniyar kafofin watsa labarai ta Afirka ta Yamma, wato MFWA, hedikwatarta a Ankara take tun 1997, tana ɗaukar matasa ta horar da su aikin bincike a ƙarƙashin jaridarta The Fourth Estate. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa tana nan tun 1949, katinta na da amfani ranar da aka tare mutum a bakin aiki. Sanarwar irin waɗannan damammaki da Turanci take fitowa, a wuraren da yaranmu ba sa leƙawa, kuma ana neman samfurin aiki da takardar shaida daga wani babba. Wannan shi ne lamunin zamanin nan. Lauyoyinmu da malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati 'yan zango, waɗanda ba su da lokacin zama da jan biro, suna iya wannan: su ga sanarwa su turo, su duba takardar nema, su sa hannu.

Jarrabawa ta gaske tana zuwa ranar da yaron da muka rena ya juyo da makirufo gare mu. Muna son sa in yana tuhumar 'yan sanda ko yana nuna kwatar da gwamnati ta ƙi gyarawa. Ranar da ya tambayi kwamitin masallaci ina kuɗin ginin da aka shekara goma ana tarawa, ko ya tambayi fada wa ya sayar da filin makaranta, ko ya bi sawun mai shigo da ƙwaya unguwa ya tarar ɗan gidan mutunci ne, sai mu tuna da rufin asiri. Za a ce yana tona wa zango asiri a gaban baƙi. Ba za a ƙaryata shi a fili ba, wurin mahaifinsa za a je da dare, ko wurin surukinsa, washegari ya goge abin da ya saka ya ba da haƙuri. Mun ga haka ba sau ɗaya ba, kuma wannan takunkumi ya fi na hukuma ƙarfi don babu kotun da za a kai ƙararsa. Rufin asiri na wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Dukiyar jama'a kuwa amana ce, mai riƙe da ita ya san za a tambaye shi. In yaro ya yi kuskure, tsarin mulki ya wajabta wa kafar da ta buga labari ta buga martanin wanda aka ambata, sai a bi ta nan, maigidansa ya zaunar da shi ya gyara a fili. In kuwa gaskiya ya faɗa, muna sa ran sarakunan zango da limamai su ce a ƙyale shi, ko da maganar ta taɓa na kusa da su.

Ba sai an jira gina ofis ko rajistar ƙungiya ba. Damina na tafe, kuma kowa a Nima da Mamobi ya san abin da babbar kwatar da ta ratsa tsakaninsu ke yi idan ruwan Yuni ya sauka. Bana ma za a samu masu ɗaukar bidiyon ruwa yana shiga ɗakuna, a yi ta turawa a WhatsApp kwana biyu a manta. Dattijo ɗaya da yara biyu suna iya zama tun yanzu su rubuta wa majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa takarda, su nemi a nuna musu nawa aka ware don yashe kwata a shekaru uku da suka wuce, wa aka ba kwangilar, yaushe aka biya shi. Su ajiye kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa, su ƙirga kwana 14. In amsa ta zo, su ɗauke ta su bi kwatar da ƙafa daga sama har ƙasa suna gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa, su tambayi masu gidajen bakin ruwa yaushe rabon da su ga motar yashe. In ba ta zo ba, su ɗaukaka ƙara ta hanyar da dokar ta tanada, su kuma gaya wa jama'a da Hausa ranar da suka kai takarda da ofishin da ya yi shiru.